Sunan Uba a Kan Lasin Babur

Trikaniya, Kaduna
3 ga Yuli

Zuwa ga Baba Sha'aibu, a Jibiya.

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa in gaishe ka, in gaida Inna Asabe da Nafisa da duk mutanen gida. Yaya kunnen? Sau uku na kira ka makon jiya, ina jin kana cewa waye, waye, kai kuma ba ka ji na. Shi ya sa na koma takarda, zan ba Mustapha direba tunda duk Asabar yana zuwa wajenku. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san aji huɗu kawai na yi a Tasawa.

Ni lafiya lau, sai bayan nan da ke damuna saboda dakon buhuna a Kudenda. Ruwa ya zauna sosai, kogin Kaduna ya cika ya yi ja.

Baba, wata hanya ce ta buɗe mini. Akwai wata mata a Barnawa, Madam Celina, mutuniyar Kagoro, mai dafa abincin sayarwa. Tana da ƙananan babura uku, irin waɗanda ake ce wa roba-roba, tana ba samari haya su kai kulolin abinci ƙofar kamfanonin Kudenda da rana. Ba acaɓa ba ne, ba a ɗaukar mutum, sai shinkafa da miya. Filibus, wanda muke gida ɗaya, shi ke riƙe da guda, amma ƙarshen Agusta zai koma Zonkwa gonar cittarsu. Shi ya kai ni wajenta.

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta cika kula da ruwa har baki, ta ɗaure mini a baya, ta ce in zaga layin sau biyu, in bi ta gaban coci inda ramuka suke. Da na dawo ta buɗe ta leƙa, ta ce wa Filibus yaron nan ya fi ka hannu, kai rabin miyata a kan titi take ƙarewa. Sai ta ce mini, ina lasin? Na ce babu. Ta ce ita ba ruwanta da ko ni ɗan Nijar ne ko ɗan ina, amma an taɓa kama mata babur saboda rashin lasin, ya yi wata biyu a tsare. In na kawo ko da takardar wucin gadi ce kafin Filibus ya tafi, babur ɗin nawa ne. In ban kawo ba, akwai masu jira.

Na je ofishin lasin sau uku. Ranar farko ban iya tambayar kowa ba, na zauna a benci ina kallon wanda ake saurara da wanda ake kora. Rana ta uku wata mata mai tabarau ta yi mini bayani. Ta ce baƙo ma yana samu. Sai dai in kawo katin ƙasarmu, in kai shi wajen shige da fice su ba ni katin zama, da shi za a yi mini lambar shaida ta ƙasar nan, sannan a gwada tuƙina.

To Baba, katina na Nijar yana wajenka. Ka tuna shekara biyu da suka wuce da na biyo ta Jibiya ka ce in bar shi, masu shinge a hanya suna wahalar da mai irinsa, ka sa shi a akwatinka na ƙarfe. Don Allah ka ba Mustapha shi ya taho mini da shi.

Naka,
Lawali

Jibiya
13 ga Yuli

Lawali ɗana,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, Nafisa ta karanta mini a kunnen hagu, wanda yake ɗan aiki. Duk muna lafiya, Asabe ce kawai ƙafa ta tasar mata. Gero ya kai gwiwa. Bayanka ka riƙa gasa shi da ruwan zafi.

Na ji maganar babur, Allah ya sa alheri. Amma wannan zagaye da matar ofis ta zana maka, ka je can, ka dawo nan, ka koma can, damina za ta wuce ba ka gama ba. Kai yaro ne ba ka san takardun ƙasar nan ba. Na hutar da kai. Na je wajen mai unguwarmu na ce masa ɗana da ke Kaduna yana neman takardar shaidar ɗan gari. Ya sa hannu, aka buga hatimi. Ga ta nan cikin leda don ruwa. Lawali Sha'aibu, haifaffen Jibiya. Ka kai musu, kwana biyu za su yi maka komai, ba mai ce maka baƙo.

Kuma ba ƙarya na yi ba. Ni da marigayi Tsahiru ubanka kakanmu ɗaya. Wannan iyaka da aka ja, tsakiyar gonar kakan namu ta bi. Rabin mutanen unguwar nan haka suka yi.

Katin Nijar yana nan lafiya, ba abin da zai ci shi.

Babanka,
Sha'aibu

Yaya Lawali, ni Nafisa ce na ƙara wannan. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ranar da ya je karɓo takardar. Tun da ya dawo, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce in ɗauko in karanta masa sunan. Na karanta ya fi sau goma.

Trikaniya
17 ga Yuli

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da yi wa Inna Asabe sannu da ƙafa. Saƙo ya iso, ban san da wane baki zan gode maka wahalar da ka sha ba. Allah ya saka.

Sai dai Baba akwai abin da na gani da nake jin tsoro. Ka san allurar lamba da ake yi wa jarirai. Mu a Nijar a damtse ba a yi mana, a ƙasan hannu ake yi, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. 'Yan nan kuwa tasu a kafaɗa take. Ranar Talata ina zaune a bencin ofis wani saurayi ya zo da takarda irin wannan, ya ce shi ɗan Daura ne. Mutumin da ke karɓa bai ko kalli takardar ba. Ya ce masa, malam ɗan naɗe hannun rigarka. Yaron ya tsaya yana murmushi kamar bai ji Hausa ba. Aka shiga da shi ciki, har na tashi bai fito ba.

Tun daga ranar na fara lura. A bakin get ɗin kamfani akwai mai shayi, mutumin Maraɗi ne, na san shi tun can, a nan kuwa ɗan Katsina ne. Ko ana tafasa da zafi, ga wutar shayi, hannun rigarsa a sauke yake har wuyan hannu. In zai wanke kofi sai ya juya wa mutane baya. Shekara tara yana haka.

Tawa lambar kuma babba ce, kamar kwabo. Mai babur hannunsa a miƙe yake a gaban kowa duk yini.

Na nuna wa Filibus takardar. Ya ce oga ka sami gajeriyar hanya kana wani juye-juye, shi da za a ba shi takardar da za ta ce shi ɗan gwamna ne da gudu zai karɓa. Na yi dariya, amma na mayar da ita leda na sa ƙarƙashin katifa.

Don Allah Baba ka turo katin. Saura mako shida, matar ofis ta ce in na fara yanzu zan iya kaiwa.

Naka,
Lawali

Jibiya
20 ga Yuli

Lawali,

Muna lafiya. Na ji dogon bayaninka a kan tabon allura, har Asabe ta yi dariya ta manta da ƙafa. Wannan ai ba matsala ba ce. Na sa tela ya ɗinka maka riguna biyu masu dogon hannu, ɗaya ruwan toka ɗaya shuɗiya, ga su nan wajen Mustapha. In an ce ka naɗe hannu, ka ce uwarka ta je biki Tasawa da kai kana jariri aka yi maka a can. Yaran Jibiya nawa ne ke da irinta.

Abu ɗaya ban gane ba. Na karanta takardarka, wato an karanta mini, sau biyu. Godiya layi ɗaya, kati layi goma. Ko sunan nawa ne yake maka nauyi? In haka ne ka faɗa, ni ba yaro ba ne.

Sha'aibu

Yaya, ya cire katin daga akwati ya sa a aljihun 'yar cikinsa. Na ce Baba a ba Mustapha mana, ya yi kamar kunnen hagun ma ya mutu.

Trikaniya
1 ga Agusta

Baba,

Ina gaishe ka, ina neman gafara. Asabar ɗin da ta wuce Mustapha ya tafi hannu wofi saboda na rubuta takarda uku na yaga. Riguna sun yi mini daidai kamar an gwada. Na sa shuɗiyar ranar Juma'a, Madam Celina ta ce ko neman aure za ni.

Ka ce in faɗa, to zan faɗa. Maganar lambar hannu gaskiya ce, amma ba ita ce babbar ba. Na ɓuya ne a bayanta.

Ranar Litinin na ɗauki takardar mai unguwa da ka turo na tafi ofis da niyyar in gama. Na karɓi fom, na jingina da bango na fara cikewa. Na rubuta Lawali. Da na zo layi na biyu, inda ake sa sunan uba, sai biro ya tsaya. Wani ɗan kamasho da ke taya mutane cikewa ya zo ya ce aboki ba ka iya rubutu ba ne, kawo in yi maka. Na ce na iya. Na ninke fom ɗin na fito, na tako da ƙafa har Trikaniya ban ma san na iso ba.

Baba, ka san yadda Abba ya rasu. Gonar an sayar tun yana jinya. Ɗakin ya faɗi damina biyu bayansa. Kabarinsa da na je bara ni da Inna mahaifiyata mun rasa wanne ne a cikin guda uku. Hoto ba shi da shi. A duk duniya wuri ɗaya ne aka rubuta Tsahiru, shi ne katin da ke aljihunka. In na cike fom ɗin nan da wani suna, lambar da za su ba ni ta har abada ce, da zanen yatsuna goma a ciki. Lasin zai bi ta, asusun banki zai bi ta, in Allah ya ba ni 'ya'ya takardun makarantarsu za su bi ta. Shi ke nan an share shi. Kuma shi ya koya mini babur, a bayan kasuwar Tasawa, da aron moton wani mahauci, yana gudu a bayana yana riƙe da kariyar bayan babur ɗin har takalminsa ya tsinke.

Sannan takardar ta ce a gidanka aka haife ni. Inna tana raye. Wata rana wani zai karanta mata.

Sunanka bai yi mini nauyi ba. Da ba ni da wani, da alfahari zan ɗauke shi. Kai ka ciyar da ni wata biyu a Jibiya, kai ka sa ni a mota. Amma ba zan iya ba. Ga takardar nan na mayar cikin ledarta, ban ɓata ta ba.

Saura wata ɗaya cif. Ka taimake ni da katin.

Naka,
Lawali

Trikaniya
15 ga Agusta

Baba,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Sau biyu ina tsallaka kogi zuwa tashar Kawo in tari Mustapha. Na farko ya ce ya ba ka takardar hannu da hannu, ka karɓa ka shige gida. Na biyu ya ce ya same ka a ƙofar gida kana gyara fartanya, ya ce ko akwai saƙon Kaduna, ka ce masa ya gaida hanya. Na kira wayar Nafisa, ta ce ka hana a yi maganar.

In na yi rashin kunya a takardata, ka yafe mini. Ban iya jera magana ba.

Nan kuwa kwana sai tafiya yake. Filibus ya fara ɗaure kaya, ya sayar da katifarsa, a tabarmata yake kwana. Kullum da rana in na ji ƙarar roba-roba a bakin get sai in ajiye buhu in leƙa. Akwai wani Wilfred, ɗan 'yar cocinsu Madam, yana da lasin tun bara, yanzu kullum yana shagonta yana taya ta yanka albasa. Jiya ta kira ni gefe ta ce, ɗana, ni kai nake so, amma babur ba zai kwana a ɗaki ba, yunwar ma'aikata ba ta jira. Na ce ta ƙara mini haƙuri. Ta ce haƙurinta yana nan har ranar talatin da ɗaya.

Matar ofis ta ce ko yau katin ya zo da ƙyar ne. Duk da haka ina son sa. Ko babur ɗin ya wuce ina son sa.

Lawali

Jibiya
31 ga Agusta

Lawali,

Muna lafiya, gero ya fitar da kai. Ga katinka.

Na san na makara, kuma da sanina na makara. Ba zan ce maka mantuwa ba ce.

Akwai abin da ba ka sani ba. Ranar sunanka na je Tasawa. Lokacin ina da 'ya'ya mata huɗu, kafin su zama shida. Tsahiru ya ɗora ka a cinyata a gaban mutane ya ce, wannan in an yaye shi naka ne. Da aka yaye ka na hau motar kasuwa na je da ɗan wando da hula. Ya ce in bari ka yi ƙwari. Na koma bayan shekara, ya ce kana tari. Na uku da na je, ya ji labarin zuwana ya ɗauke ka kuka tafi ƙauye, na kwana biyu ina hira da uwarka na dawo. Ban ƙara tambaya ba, shi ma bai ƙara tayarwa ba, har ya koma ga Allah.

Da takardarka ta farko ta zo, sai na ce to ga shi Allah ya kawo mini ta wata ƙofa. Ashe kai ma halinsa ka ɗauko. Ku yi ta ba mutum haƙuri da ladabi har ya gaji, amma ba ku saki.

Na yi fushi kwana ashirin. Sauran kwanakin kunya ce. Na koma wajen mai unguwa na mayar masa da takardarsa. Ya ce lafiya? Na ce yaron yana da uba.

Ka gaida matar nan mai babur, ka ce laifin wani tsoho ne a Jibiya.

Sha'aibu

Yaya, wannan karon bai bari na ƙara komai ba sai wannan layin. Shi da kansa ya kai wa Mustapha tasha.

Trikaniya
5 ga Satumba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna Asabe da Nafisa mai alƙalami. Kati ya iso ranar Talata. Na daɗe a tashar Kawo ina kallonsa har Mustapha ya ce in matsa mota za ta juya.

Babur ya tafi. Ranar Litinin Madam ta ba Wilfred. Na gan shi ya shigo Kudenda, ya faɗa ramin nan na kusa da get da kowa ya sani, miya ta biyo kula har kan taya. Na taya shi saukewa. Filibus ya tafi Zonkwa, ya bar mini bokitinsa da hular kwanonsa, ya ce in ajiye, kan nawa taurinsa ya isa amma a ƙara masa.

Na isar wa Madam da saƙonka. Ta tambayi shekarunka, ta ce tsofaffi duk ɗaya suke, nata uban ma haka yake. Ba ta yi mini alkawarin komai ba, ni ma ban roƙa ba. Ta dai ce in lasin ya fito in zo ta gani. Ina nan ina dakon buhuna, ina gasa bayan kamar yadda ka ce.

Labarin wando da hula ban taɓa ji ba. Inna ba ta taɓa faɗa mini ba. Na karanta wurin sau da yawa. Ban san me zan ce ba, sai dai Allah ya jiƙan Abba, kai kuma ya ba ka ladan zuwa ukun nan.

Jiya na je wajen shige da fice da gajeren hannu. Layi ya yi tsawo, aka ce in dawo bayan mako uku, aka ba ni 'yar takarda mai lamba. Wanda ya cike mini fom ya ce sunan uba, na ce Tsahiru, ya duba kati ya rubuta. Can ƙasa kuma ya ce akwai wurin makusanci, wanda za a nema a ƙasar nan in wani abu ya same ni a hanya. Na ce Sha'aibu, Jibiya. Ya ce mene ne shi a wajenka? Na ce Babana ne. Ya ɗago ya kalle ni, ya kalli layin sama, ya ce to wancan fa?

Na ce wancan ya haife ni, wannan shi za ku kira.

Ya rubuta.

Ɗanka,
Lawali Tsahiru